Ƙarfen Baƙo, Ƙirar Gida: Tarihin Sana'o'in Gargajiya na Al'ummar Chickasaw

Duk wanda ya shiga silima a zamanin da ake yayin fina-finan kaboyi ya san mutanen nan da muka saba kira Indiyawan daji: ga gashin tsuntsu a ka, ga kwari da baka, ga ihu bisa doki, kuma kafin a tashi daga kallo an gama da su. Wannan siffa ita ta zauna a zukatan yawancinmu, har muka ɗauka duk iri ɗaya ne, ba su da aiki sai yawo da tantuna. Alhali kuwa al'ummu ne ɗaruruwa, kowace da harshenta da shugabancinta da sana'arta. Sunan Indiyawa ma kuskuren Kolumbus ne, wanda ya sauka yankin a 1492 yana zaton Indiya ya iso.

A wannan fitowa za mu waiwayi ɗaya daga cikinsu, wato waɗanda Turawa ke rubuta sunansu Chickasaw, su kuwa suke kiran kansu Chikasha. Abin da ya ja hankalina ga tarihinsu shi ne, an raba su da ƙasarsu, an raba su da yumɓu da gorar da suke aiki da su, amma duk abin da ya faɗo hannunsu, ko da na abokin gaba ne, sai sun lanƙwasa shi ya ɗauki fasalin aikin kakanninsu.

Asali da mazauni

Ƙasarsu ta asali tana kudu maso gabashin Amurka, inda yanzu ake kira arewacin jihar Misisifi, ta haɗa da sassan jihohin Tennessee da Alabama da Kentucky. Manyan garuruwansu suna kusa da inda birnin Tupelo yake a yau. Harshensu ɗan uwa ne na kusa ga na maƙwabtansu Choctaw, kuma labarin asalinsu ya bayyana dalili. An ce daga yamma suka taso ƙarƙashin wasu 'yan uwa biyu, Chiksa' da Chahta, wani farin kare yana yi musu rakiya. Suna da wata doguwar sanda mai tsarki da suke kafawa duk inda dare ya yi musu, da safe inda ta karkata nan za su nufa. Kullum gabas take nunawa, har suka ƙetare babban kogin Misisifi. Wata safiya sai gardama ta tashi, Chahta ya ce sanda ta miƙe, an iso, Chiksa' ya ce har yanzu da sauran karkata. Nan aka rabu, kowa da jama'arsa.

Manoma ne masu zaman gari, suna shuka masara da wake da kabewa a gona ɗaya. Kowane gida yana da ɗakin hunturu zagayayye, wanda ake tona ƙasansa kaɗan, a kafa itatuwa, a saƙa su da gora, a yaɓe da laka. Akwai kuma ɗakin lokacin zafi mai kusurwa huɗu, da rumbun masara bisa dirkoki. Dangantaka ta wajen uwa ake binta. Yaro ɗan zuri'ar uwarsa ne, kawunsa ke koya masa farauta da sassaƙar baka, yarinya kuwa a gindin uwa da kaka take koyon ginin tukwane da saƙa. Tun kafin zuwan Turawa yankin ya san manyan garuruwa, irin su Moundville ta Alabama mai tuddai 29 waɗanda mutane suka tara da hannu. A nan aka tono tukwane da tagulla da kayan wuya masu zanen rana, da layi mai naɗewa, da tafin hannu mai ido a tsakiya. Chickasaw suna lissafa maginan wannan gari cikin kakanninsu.

Daren da aka ƙone sansanin De Soto

Turawan farko da suka shigo musu su ne mutanen Sifen, ƙarƙashin Hernando de Soto, mai neman zinariya. A Disamba 1540 ya sauka a garinsu na Chicaza, ya ci hunturu a nan, masu gida suna ciyar da shi da rundunarsa. Da zai tashi sai ya nemi a ba shi 'yan dako 200. Amsar da ya samu ta zo da tsakar dare a watan Maris 1541, lokacin da mayaƙan Chickasaw suka cinna wa sansanin wuta, suka kashe masa mutane da dawakai da aladu, suka ƙone yawancin kayansa. Bayan tafiyarsa an yi fiye da shekara ɗari kafin Turawa su sake damunsu.

Marubutan tafiyar De Soto sun rubuta abin da suka yi asara, amma ba wanda ya rubuta abin da masu gida suka yi da tarkacen da aka bari. Sai daga 2015 masu tonon kufai suka fara aiki a wata gona da ake kira Stark Farms, kusa da garin Starkville, tare da masanan hukumar Chickasaw. A rahoton da suka fitar a 2021 sun bayyana ƙarafa sama da 80 da ake kyautata zaton na wannan runduna ne. Abin lura shi ne yawancinsu an sake musu kama. Takalmin doki na ƙarfe ya zama abin kankare fata, ƙarfen ɗaurin ganga ya zama wuƙa, guntayen tagulla sun zama kayan ado masu kacau-kacau. An kuma fasa gatarin Turawa, an wasa shi har ya koma siffar gatarin dutse irin wanda suka gada. Mutanen ba su da zuga-zugi ko uwar maƙera, dabarar wasa dutse kawai suka ɗora wa ƙarfe. Wannan hali za mu yi ta cin karo da shi har ƙarshen labarin.

Abin da ɗan kasuwa ya gani

Daga ƙarshen ƙarni na 17 fataken Ingila suka fara zuwa daga Charleston, suna sayen fatun barewa da bayin da aka kamo a yaƙi, suna ba da bindigogi da yadi da tukwanen ƙarfe da duwatsun ado na gilashi. Wannan ƙawance ya haɗa Chickasaw faɗa da Faransawa, waɗanda suka kawo musu yaƙi ta fuska biyu a 1736, aka kuwa fatattake su duka biyun. Cikin fataken akwai James Adair, wanda ya shekara da shekaru a tsakaninsu, ya buga littafinsa mai suna The History of the American Indians a Landan a 1775. Daga bayaninsa, da kuma abin da aka tono a kufansu, muke sanin yadda sana'o'in suke a wancan zamani.

Ginin tukwane aikin mata ne. Ana murza yumɓu ya yi kamar igiya, a riƙa naɗa shi hawa-hawa ana shafewa, in ya bushe a gasa a fili. Yumɓu tsantsa yakan tsage a wuta, don haka sai an cuɗa shi da wani abu. Maƙwabtansu da yawa sukan daka ɓawon katantanwar kogi. Matan Chickasaw kuwa sun lura cewa farar ƙasar yankinsu cike take da irin wannan ɓawo wanda ya daskare ya zama dutse, tun zamanin da teku ta rufe wurin, sai suka riƙa daka shi suna haɗawa. Saboda haka yau in masani ya tsinci tsingaro a yankin ya ga wannan haɗi, yakan gane kufan Chickasaw yake takawa. Adair ya ambaci tukwane masu cin galan 2 zuwa 10, da tuluna da kasake, ya kuma ce ana turara su da hayaƙin wani ice mai ƙaro har su yi baƙi su yi santsi.

Bayan yumɓu sai gorar bakin kogi. Da ita ake yin kibau da sarewa da tabarma da bangon ɗaki, da dogon bututu da ake hura ƙananan kibau a harbo tsuntsu da kurege. Gwanintar tana wajen kwando. Sai an tsaga gora, an fere ta ta yi siriri, an rina da saiwoyi da ɓawon itatuwa, sa'an nan a saƙa. Mafi wuya shi ne kwando mai riɓi biyu, inda masaƙiya za ta saƙa na ciki ta kai baki, ta lanƙwaso tsagin ta sauko da na waje, ba tare da ta yanke ba. Akwai kuma rariya da faifan sheƙe masara bayan an surfa ta a turmi.

Wajen sutura, suna kaɗa zare daga gashin ɓauna da zargen wasu itatuwa da wata irin rama ta daji. Ɗamara da yatsu kawai ake saƙa ta, babu masaƙa. Suna yin mayafi da gashin talo-talon daji, suna jeme fatar barewa ta yi laushi. Da duwatsun gilashi suka zo, sai aka shigar da su cikin saƙar ɗamara bisa tsofaffin zane. Abin wuyan da a da ake sassaƙawa daga ɓawon katantanwar teku, sai aka koma yin irinsa da azurfa.

Akwai kayan da ake yi don taro. Maza suna lanƙwasa ice mai ƙarfi su yi sanduna biyu masu baki kamar ludayi, a saƙa bakin da tsirkiyar fata, a buga wasan ƙwallon da suke kira to'li'. Wasa ne mai zafi, har ana yi masa laƙabi da ƙanin yaƙi, domin akan raba gardamar garuruwa da shi. Mata kuwa su ke riƙe da kiɗan rawar dare. Ana huda ƙoƙon bayan kunkuru, a zuba tsakuwar kogi, a jera da yawa bisa fata, mace ta ɗaura a ƙwauri kamar akayau. Namiji yana ba da waƙa, maza suna amshi, ana zagaya wuta da ita a hannun hagu, amma takun mata shi ke ba da kiɗa. In babu su babu rawa.

Sai dai littafin Adair yana da nasa aibin. Mutumin ya ƙudurta cewa waɗannan al'ummu zuri'ar Bani Isra'ila ce da ta ɓata, ya kawo hujjoji 23 yana neman tabbatar da haka, duk abin da ya gani sai ya ja shi wajen wannan ra'ayi. Masana sun daɗe da watsar da ra'ayin. Abin da ya rage mai amfani shi ne wuraren da ya ajiye hasashe ya faɗi yadda ake yin abu.

Ƙaura

A 1830 majalisar Amurka, a zamanin Shugaba Andrew Jackson, ta yi dokar kwashe al'ummun gabas zuwa yammacin kogin Misisifi. A yarjejeniyar Pontotoc ta 1832 Chickasaw suka sallama ƙasa fiye da eka miliyan 6. A 1837 suka amince za su biya 'yan uwansu Choctaw dala 530,000 domin samun wurin zama a yankin da ya zama jihar Oklahoma, a shekarar kuma aka fara tafiya. Rajistar lokacin ta nuna Chickasaw 4,914, tare da bayi baƙar fata 1,156. Tarihi ba ya son a ɓoye wannan: masu hali cikinsu sun mallaki bayi da ke yi musu noman auduga, kuma ko bayan da aka 'yanta bayin a 1866, ba a karɓe su a matsayin 'yan ƙasar Chickasaw ba. Mutane sama da 500 suka mutu a sanadin ƙaurar, yawanci da agana da atuni. Cikinsu har da dattijo Tishominko, wanda aka sa wa babban birninsu na sabuwar ƙasa sunansa.

Mutum yana iya ɗaukar turmi da irin shuka, amma ba ya ɗaukar ramin yumɓu. Sabuwar ƙasar ta fi bushewa, gora ba ta da yawa kamar ta gida. Tukunyar ƙarfe, wadda tun a Misisifi ta fara korar ta ƙasa, ta ƙarasa aikinta. A can baya ma gorar ba ta tsira ba, domin kiwon shanu da share gonaki sun cinye ta, har masana suna ƙiyasta abin da ya rage bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Duk da haka suka sake gini. A 1856 suka rubuta tsarin mulkinsu a Tishomingo, suka zaɓi Cyrus Harris gwamna na farko. Tun 1852 suka kafa makarantar 'yan mata ta Bloomfield tare da 'yan mishan, domin shugabanninsu sun ga cewa sai da ilmin Bature za a iya kare kai daga takardun Bature. Makarantar ta yi amfani, amma da tsada, don kuwa da Turanci ake karatu, kuma yarinyar da ke aji ba ta gindin kakarta. Daga baya gwamnatin Amurka ta yayyanka ƙasar al'umma ta raba wa ɗaiɗaikun mutane, aka kafa jihar Oklahoma a 1907, aka bar Chickasaw da gwamnan da shugaban Amurka ke naɗawa.

Abin da ya rayu a lokacin shiru

Shekaru kusan sittin da suka biyo baya su ne mafi tsanani ga gadon. Ginin tukwane ya tsaya, rawar dare ta ja baya, iyaye suka daina yi wa 'ya'ya magana da harshen don kada su sha wuya a makaranta. Abin da ya tsira shi ne wanda ake ci da wanda ake faɗa. Abincinsu na taro, pashofa, ɓarzajjiyar farar masara ce da ake dafawa da nama sa'o'i da yawa, ana juyawa da babban muciya. A da ana dafa shi ne a bikin neman sauƙi ga majiyyaci. Naman aladen da ake sawa baƙo ne, katuwar tukunyar ƙarfen ma baƙuwa ce, amma ba mai cewa pashofa ba nasu ba ne. A harabar ƙananan majami'un karkara aka ci gaba da dafa shi, a nan kuma harshen ya samu mafaka.

Ta fuskar baka kuwa akwai Mary Frances Thompson, wadda duniya ta sani da Te Ata. An haife ta a 1895, ta tashi da labaran mahaifinta, ta yi karatu a Bloomfield, ta koyi wasan kwaikwayo, sa'an nan ta ɗauki tatsuniyoyin mutanenta da na wasu al'ummu ta hau dandamali da su. Ta yi wasa a liyafar Shugaba Roosevelt a 1933, ta kuma yi a gaban Sarkin Ingila George na Shida a 1939. Ta rasu a 1995, saura 'yan makonni ta cika shekara 100.

Farfaɗowa

A 1960 talakawan Chickasaw suka taru a wata ƙaramar majami'a mai suna Seeley Chapel suna neman a maido musu da ikon zaɓen shugabansu. Overton James, wanda aka naɗa gwamna a 1963, shi ya ci zaɓen farko a 1971. Mahaifiyarsa Vinnie May Humes ta ƙarasa ƙamus ɗin da suka fara da mijinta Jesse Humes, aka buga a 1973. A 1994 Catherine Willmond, wadda ta sha harshen a nono, da masaniya Pamela Munro suka fitar da wani ƙamus mafi girma. An yi wannan a kan gaɓa, domin a ranar 30 ga Disamba 2013 Emily Johnson Dickerson ta rasu tana da shekara 93, kuma ita ce ta ƙarshe da ba ta jin kowane harshe sai Chickasaw. A lokacin, waɗanda suka tashi da harshen ba su kai 100 ba.

Sana'ar da sarƙarta ta tsinke sai an koma an koyo ta daga matattu. Maginan tukwane irin su Joanna Underwood Blackburn sun bi gidajen tarihi suna nazarin tsofaffin tukwane da tsingaro, suna gwadawa har hannu ya gane. Masaƙiya Margaret Roach Wheeler ta yi irin wannan bincike a kan tsofaffin tufafi, tana saƙa zanen Moundville bisa masaƙa irin ta Turawa, ta sa wa aikinta sunan Mahota, wata kakarta ta sama da ta yi ƙaurar. A 1992 aka kafa ƙungiyar rawar gargajiya. Da yake kunkuru ya yi ƙaranci, mata da yawa suna huda gwangwanayen madara su zuba tsakuwa, takun kuwa bai canza ba. Mai zane Mike Larsen ya bi dattawa gida-gida ya zana su tun suna raye.

Ga mu marubuta, abin da ya fi kusa da mu shi ne maɗaba'ar Chickasaw Press da hukumarsu ta kafa a 2006, domin tarihin Chickasaw ya fito daga alƙalamin Chickasaw. Suna kuma da marubuciya Linda Hogan, wadda littafinta Mean Spirit na 1990 ya kai zagayen ƙarshe na gasar Pulitzer. A 2010 aka buɗe babbar cibiyar al'adu a garin Sulphur, inda aka gina ƙauye irin na da, da ɗakin hunturu da rumbu da filin wasa. Haka kuma, bisa wata doka ta 1990, sun bi sawun ƙasusuwan kakanninsu da aka tono aka jibge a gidajen tarihi. A 2021 jihar Misisifi ta maido musu da na mutum 403, cikin jakunkunan farin yadi da aka ɗinka da hannu, don su ruɓe tare da ƙasa idan an sake binnewa.

Kammalawa

Ba duk abin da ya ɓata ya dawo ba. Akwai waƙoƙin da suka tafi da masu su, kuma yaron da ya koyi harshe a aji bai yi daidai da wanda ya ji shi a goye ba. Amma waiwaye adon tafiya. Tarihin Chickasaw ya nuna cewa baƙon kaya ba shi ke kashe gado ba, matuƙar akwai hannun da ya san fasalin da yake nema. Abin da ke kashe shi shi ne a wayi gari ba wanda ya san yadda ake yi.

A nan aikin marubuci yake. Hujjoji 23 na Adair sun tafi da iska, amma 'yan layukan da ya yi a kan girman tukunya da hayaƙin da ake turara ta da shi sun yi wa jikokin masu tukwanen amfani bayan shekara ɗari biyu. Saboda haka, ɗan uwa marubuci, in ka zauna gaban tsoho mai sana'a, rage yabo ka yawaita tambaya. Me ake cuɗawa a yumɓun? Daga wane rami ake ɗebo shi? Kwana nawa yake bushewa? Yaya sunan kowane kayan aiki a bakin mai shi? Ka kuma rubuta sunan maginiyar, domin Adair ya ga tukwane da yawa, amma bai bar mana sunan mace ko ɗaya da ta gina su ba.